Layi Biyu na Wake

A shekarar da ciwon gwiwa ya hana Mama zuwa gona, ni kuma na bar aikina na biyar. Na yi facin taya, na yi wankin mota, na bi wata motar haya ina kiran fasinja, na zauna a shagon gyaran waya kwana goma sha ɗaya. Makaranta kuwa tun ina aji biyu na sakandare na ajiye ta, ba korata aka yi ba, ni na daina zuwa. A gida Auta ake ce mini, amma in Yaya ta so tsokana sai ta kira ni Sarkin Farawa.

Aikin na biyar fenti ne. Maigidanmu ya samu kwangilar shafe wani ofis na malaman gona, aka ce mu ciccire tsofaffin takardun da ke manne a bango mu ƙona. A cikinsu na ga wata babba mai hotunan amfanin gona a jere daga sama zuwa ƙasa: rogo, dankali, masara, shinkafa, dawa, gyaɗa, wake. A gaban kowane hoto akwai sanduna biyu a kwance, ɗaya ja, ɗaya koriya. Jar sandar rogo ta miƙe har ta kusa fita daga takardar. Ta wake kuwa ba ta wuce guntun sigari ba.

Na tari wani ma'aikaci da ke shirin fita cin abinci na tambaye shi jar. Ya ce kalori ke nan, wato ƙarfin da abinci ke ba jiki, kamar mai a mota. Ya ce takardar tana nuna in ka ɗauki fili ɗaya ka shuka wannan ko wancan, wanne zai fi ba ka wannan ƙarfin. Ya tsaya yana jiran ko ina da wata tambayar, na ce masa shi ke nan, na gode.

Ban tambaye shi koriyar ba saboda na karanta abin da aka rubuta a kanta, furotin, kuma a ganina na san shi. A bayan gidan bulo na unguwarmu akwai samari masu ɗaga ƙarfe, na ɗan zauna da su wata biyu. Kullum zancensu ke nan, furotin, ƙwai nawa wane ya sha, wane ya sayo wani gari a roba. Sai na ɗauka kayan ƙawa ne, na masu son ƙirjinsu ya cika riga. Mu a gidanmu babu mai ɗaga ƙarfe. Yunwa ce damuwarmu. Na naɗe takardar na cusa a riga.

Mu huɗu ne a gidan: Mama, Yaya, ƴar Yaya da muke kira Tsiwa, sai ni. Baba ya daɗe da rasuwa. Mijin Yaya yana aikin hanya a can nesa, sau biyu yake zuwa a shekara. Yaya tana ɗinki a wani kamfani, ta fita da sassafe ta dawo rana ta faɗi. Gonar kuwa ƙarama ce, tana hayin titin jirgin ƙasa, tafiyar rabin awa. Shekara talatin Mama tana noma ta iri ɗaya: masara, wake a tsakankaninta, gyaɗa a kusurwar da ke da rairayi. Kuma kowace shekara masarar takan ƙare wata biyu kafin sabuwa ta nuna, mu koma auna gari da ƙaramin kofi. Wannan gaskiya ne, ba ni na ƙirƙira ba, kuma da shi na kafa hujja.

Na shimfiɗa takardar a tabarma na danne kusurwoyinta da takalma. Na yi bayani kamar ni na rubuta ta. Na ce fili ɗaya, wahala ɗaya, amma dubi tsawon wannan, dubi na wancan, don haka bana rogo zalla za mu dasa. Yaya tana cin abinci tana dariya, ta ce Sarkin Farawa ya zama malamin gona. Mama ta sa hannu ta shafa hoton waken, ta ce wanda ya zana shi ya iya zane. Sai ta nuna koriyar sandar da ke gabansa, wadda ta fi ta kowa tsawo in ban da gyaɗa, ta ce wannan fa. Na ce wannan ba tamu ba ce, ta ƴan wasa ce.

Mama ta matsa gwiwarta. Ta san ba za ta iya zuwa ba, kuma ta san in ba ni ba babu mai zuwa. Daga ƙarshe ta ce in yi yadda na ga dama.

"Amma ka bar mini layi biyu na wake, ta wajen bishiyar nan. Layi biyu kawai, Auta."

Na ce an gama. Ta sa Yaya ta ɗauko mata gwangwanin iri daga saman kabad, ta zazzage tokar da take adana shi da ita, ta ƙulle waken a tsumma ta ba ni.

Na samo itacen rogo wajen wani tsoho da ke maƙwabtaka da gonarmu, na kira abokaina biyu muka sassara muka dasa. Da muka iso wajen bishiyar, sauran itace na nan tuli guda. Na tsaya ina kallon filin layi biyun, ina auna shi da jar sandar da ke kaina. Na ga asara ce. Na ce su ci gaba da dasawa. Da rana ta take, yunwa ta kama mu, ɗaya daga cikinsu ya taɓa ƙullin da ke aljihuna ya tambayi mene ne. Akwai wata tsohuwar tukunya a bukkar tsohon. Muka wanke waken muka dafa, muka ci da hannu a inuwar bishiyar. Na tuna har mun yi gardama a kan wanda zai kankare ƙasan tukunya.

Bayan wata guda Mama ta tambayi wakenta. Na ce ya fito da kyau amma ƙwari sun cinye shi tas. Ta ce bai taɓa yi mata haka ba, wataƙila irin ne ya tsufa. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Rogon ya yi. Ban san yadda zan faɗi daɗin da na ji ba. Wata goma ina zuwa ina dawowa, ina nome ciyawa, ina korar awaki, ban gudu ba. Ranar da na tuge na farko, saiwar ta kai damtsena kauri. Na ɗauko buhu a ka na ratsa unguwa ta hanyar da ta fi tsawo. Muka dafa wani, muka fere wani muka jiƙa muka shanya a kan rufin kwano, na kai inji aka niƙa. Ɗakin ajiya ya cika har ƙofar ba ta rufuwa. Mama ta riƙa aika wa maƙwabta. Ƙaramin kofin nan ya koma wajen shan ruwa. Yaya ta daina ce mini Sarkin Farawa, ni kuma na lura, ko da yake na yi kamar ban lura ba.

A lokacin waken bara ya ƙare, gyaɗar ma haka. Kamfanin su Yaya ya rage musu kwanakin aiki, cefane ya koma mai da gishiri da barkono. Rogo da safe, rogo da rana, rogo da yamma. Babu wanda ya yi ƙorafi, domin babu wanda ya tashi bai ƙoshi ba.

A daidai nan aka yaye Tsiwa, tana da shekara ɗaya da wata takwas. Yarinya ce da ba ta bari a sha iska. Takan jefa takalmin mutum a bokitin ruwa ta tsaya tana kallonsa ido cikin ido. Ta iya cizo. Ni take kira Awu, don Kawu ya fi ƙarfin bakinta. Mama ce ke riƙon ta da rana, takan dama mata garin rogon da ruwan zafi ta ɗan sa sukari. Tana sha sosai, cikinta ya yi tim.

Wata uku da yaye, kumatunta suka ciko. Ƙafafunta suka yi ɓul-ɓul, takalminta ya daina shiga. Matan maƙwabta in sun shigo sai su ja kumatun su ce tubarkalla, yaye ya karɓe ta. Ta kuma daina ɓarna. Inda aka ajiye ta nan za a dawo a same ta. Na ce ta yi hankali ne. Na riƙa ɗaukar ta a kafaɗa ina kai ta shagon mai shayi da wajen masu ɗaga ƙarfe, ina cewa ga shaida, wannan rogo zalla ne, su zo su nuna mini abin da ƙwansu ya yi musu. Na ɗauki hotonta na tura wa ubanta, ya kira yana ta godiya, har ya ce ni ne uban gidan yanzu.

Mama ce kaɗai ba ta saki jiki ba. Ta ce ƙibar nan ba ta yi mata ba. Ta ce gashin yarinyar yana yin ja, kuma in ta taje sai ya biyo matajin. Ta ce ita ba ta saba ganin yaron da za a karɓe abu a hannunsa ya ƙyale ba. Na ce rana ce ta dafa gashin. Na sake ɗauko takardar na shimfiɗa mata, na bi jar sandar da yatsa tun daga farkonta har ƙarshe. Ta ce to, ku ne masu karatu. Ni da na tsaya a aji biyu.

Sai gudawa ta zo, fatar cinyoyin Tsiwa ta fara saɓulewa kamar tsohon fenti, ta kuma kawar da kai daga kofin. Yaya ta nemi izini a wurin aiki. Mama ta ce ko da rarrafe sai ta je, muka tari mota muka tafi asibiti mu duka.

Nas ɗin da ke duba yara gajeriya ce, ta rataya tabarau da igiya a wuya. Ta ɗora Tsiwa a kan sikeli. Ni da bakina na ce mata ai nauyi kam akwai shi, cikin ne kawai ya ɓaci. Ba ta kalle ni ba. Ta kwantar da yarinyar, ta kama ƙafafunta biyu, ta danna bayan kowace da babban yatsa, ta ɗan riƙe, ta ɗaga. Ramuka biyu suka zauna a wurin, kamar an danna ɗanyen ƙulli. Muka tsaya muna jiran su ciko. Ba su ciko ba.

"Wannan ba ƙiba ba ce," in ji ta. "Ruwa ne."

Ta tambayi abin da yarinyar ke ci tun da aka yaye ta. Yaya ta faɗa. Nas ta ce sai me kuma. Yaya ta ce shi ke nan. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, madara, ƙwai, kifi, gyaɗa, wake, Yaya tana girgiza kai, kanta yana ƙara sunkuyawa. Nas ba ta ɗaga murya ba, amma ɗakin ƙarami ne, matan da ke jira a benci duk suna ji. Ta ce wa Yaya ke ce uwa, wata uku ba ki ga ƴarki tana narkewa ba. Mama ta shiga tsakani ta ce da muna da wake, ita ke noma shi da kanta, bana ne ƙwari suka cinye. Ina tsaye a bayanta, riƙe da jakar kaya.

Nas ta sassauta. Ta ce abinci aiki biyu yake yi, akwai wanda ke zama wuta a murhu, akwai wanda ke zama bulo. Babba an riga an gama ginin sa, yana iya daɗewa a kan wuta kawai kafin ya fara tsagewa. Yaro kuwa ginin sa ake yi. Ta ce rogo ba shi da laifi, babu abin da ya kai shi cika ɗaki daga ƙaramin fili, amma kusan duk wuta ne. In ka auna shi da wake daidai wa daida, abin gina jikin da ke cikin waken ya ninka nasa fiye da sau goma. Masara ma ta fi shi nesa ba kusa ba. Ta ce ko ganyen rogon, in an dafa shi ya dahu sosai, ya fi saiwar. Ganyen da nake zubar wa awakin tsoho.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Furotin ke nan?"

Sai a lokacin ta sa tabarau ta dube ni.

"Ashe ka san shi."

Aka ba su gado. Aka fara ba Tsiwa wata madara ta musamman, kaɗan-kaɗan, duk bayan awa uku. Na kai musu kaya na fito, na ce zan je in duba gona kada awaki su shiga. Kwana biyu ban koma asibitin ba. Gonar ma ban shiga ba, a bakin titin jirgi nake zama har yamma. Na fito da takardar na duba koriyar sandar rogo. Tana nan, ba a ɓoye take ba, ɗan ɗigo kamar ƙuda ya sauka. Shekara guda ina buɗe takardar nan ina nuna wa mutane.

A rana ta uku Mama ta aiko maƙwabciyarmu ta ce in kawo zannuwa da sabulu. Na isa da hantsi. Na wuce gadon ban gane Tsiwa ba, sai da na ga Yaya. Kumburin ya sauka. Kumatun da ake ja babu su, ƙafafun sun koma kamar sandunan rake da aka tsotse, fatar ta yi yawa ta tattare a cinya. Kanta ya yi wa jikin girma. Yaya ta ce da safe da aka auna ta nauyin ya ragu, ta fashe da kuka, amma nas ta ce wannan shi ne abin da suke nema, ruwan ne ke fita, yanzu ne ake ganin yarinyar. Na ɗauke ta. A kafaɗata na saba jin nauyinta. Yanzu zanin da aka naɗe ta da shi ya fi ta cika hannu.

Mama tana zaune a ƙasa ta miƙe ƙafar da ke ciwo. Na tarar da su suna jayayya a hankali a kan wanda ya fi laifi. Yaya ta ce ita ce, da ta yaye ta don aiki, kuma ba ta san abin da za ta gaya wa uban ba. Mama ta ce a'a, ita ce ta dama da hannunta ta ɗura mata. Ta ce kuma da ta adana irinta da kyau da ƙwari ba su samu hanya ba, tokar ce ta yi kaɗan, tun bara take wannan tunanin.

Na mayar da Tsiwa gadon. Na durƙusa a gaban Mama, a kan simintin da ke warin maganin wanki. Na ce babu ƙwarin da suka ci waken. Na ce ban shuka ba. Na faɗi sauran itacen, na faɗi tukunyar tsoho, na faɗi mu uku a ƙarƙashin bishiya. Matar gadon kusa ta daina fifita tana saurare, ban rage murya ba don na san in na tsaya ba zan ci gaba ba.

Mama ta ɗago ta dube ni. Sai ta ce, "Kun dafa?"

Na ce e.

"Duka?"

Na ce duka.

Ta gyaɗa kai. Ta ce irin nan daga hannun mahaifiyarta ya fito, ba ta taɓa sayen na kasuwa ba. Ba da faɗa ta faɗa ba, kamar tana gaya wa kanta ne. Ta ce shekara guda tana zargin hannunta. Daga nan ta juya ta ci gaba da ninke zannuwan da na kawo, ko da yake a ninke suke.

Yaya ba ta kalle ni ba. Na jira ta zage ni, na jira ta mare ni, da na samu sauƙi. Ta miƙe ta gyara wa ƴarta kwanciya, ta kore ƙuda daga fuskarta. Da ta yi magana, da Mama ta yi. Ta ce izinin da aka ba ta ya ƙare, in ba ta koma yau da rana ba za a ba wata keken ɗinkinta, kuma nas ta ce za su yi sati biyu ko uku a nan. Ta ce Mama ba za ta iya tashi da zama duk bayan awa uku ba.

Mai rabon madara ta shigo da tire. Yaya ta karɓi kofin Tsiwa, ta duba layin da aka zana a jikinsa, ta ajiye shi a kan durowa ta gefena. Ta yi bayani tana kallon bango. A tallafi kanta a zaune, kada a kwance. A kai kofin leɓenta a bar ta ta kurɓa, ba a ɗurawa. In ta kawar da kai a jira, a sake. In ta yi amai a kira nas. Abin da ya rage a kofin kada a zubar, a nuna, suna rubutawa.

"Kuma kada ka ce ta shanye in ba ta shanye ba."

Ta ɗauki jakarta, ta sunkuya ta sa goshinta a kan na yarinyar, ta fita.

Na zauna a bakin gadon na jingina Tsiwa da ƙirjina. Ƙashin bayanta yana taɓa ni ɗaya-ɗaya. Na kai kofin. Ta kawar da kai. Na jira, na sake. Ta kurɓa sau biyu, na uku ya biyo haɓarta, na tare da yatsa na mayar. Matar gadon kusa ta ce in ɗan karkata kofin ƙasa, ina saurin hannu. Na karkata. Mun fi rabin awa a haka, hannuna ya yi tsami, Mama tana kallon mu daga ƙasa.

Da nas ta zo zagaye na miƙa mata kofin. Saura kaɗan a ƙasa, kamar cokali biyu. Ta ɗaga shi ta duba a haske, ta tambaya ko wani ya zube. Na ce ya zube, na nuna mata jiƙar da ke gaban rigata. Ta rubuta a katin da ke rataye a gadon. Ta ce ya fi na jiya, in wanke kofin in kife, na gaba ƙarfe biyu.